Za mu kai yara bakin teku a Legas, amma hankalina ya ƙi kwanciya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Daura, 'ya'yana uku: babban namiji mai shekara 7, mai bi masa mace mai shekara 4, sai na goye mai wata 15. Maigidana da amininsa tun na makaranta sun shirya mu je Legas, mu da iyalinsa, a hutun Disamba, kwana uku, don yara su ga teku. Su 'ya'yansu biyu, kuma muna mutunci sosai da matarsa. Yara tun da suka ji ba su da zance sai wannan. Ni ce dai na kasa samun natsuwa. Abokin nan ya fi mu hali nesa ba kusa ba, matarsa tana ta turo min hotunan masauki da wuraren cin abinci da na san sun fi ƙarfin aljihunmu, maigida kuma sai dai ya ce Allah zai rufa asiri, ya kasa tambayar yadda za a raba kuɗi. Sannan duk fitar da muka taɓa yi tare, ni ce ke ƙarewa da yara biyar, maza suna hira, ita tana kan waya. Babu wanda ya iya ruwa a cikinmu sai abokin, shi ma a dam ya koya. Ga Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce teku yana cin mutane, ba da yawunta za a kai mata jikoki ba. Ina son zuwa, ban taɓa ganin teku ba sai a waya. In na yi magana a ce na cika ƙorafi, in na yi shiru ina tsoron abin da zai biyo baya. In ce ba ni da lafiya ne a bar ni, ko yaya zan yi?

Maman yara uku, Daura

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yi ƙaryar ciwo. In kika yi, ɗayan biyu ne zai faru. Ko a fasa tafiyar, yara su yi ta kuka, ke ma abin ya tsaya miki a rai. Ko kuma a ce to ki huta, a tafi da manyan biyun, ke kina Daura, su suna bakin ruwa a hannun mutanen da ke da bakinki kika ce hira da waya na ɗauke musu hankali. Wannan na biyun shi ne abin da ba na so ki ko kusanta. Ki shirya ki je. Amma akwai maganganun da sai an yi su a gida kafin a sayi tikiti, don ba a fafa gora ranar tafiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na lura duk damuwar taki tushenta ɗaya. Maigidanki yana jin nauyin amininsa, ke kina jin nauyin matarsa, ku duka kuna jin nauyin Hajiya. Kara halinmu ne, da ita muke zaune lafiya da dangi da maƙwabta, ba kuwa zan ce ki yar da ita ba. Sai dai akwai wurare biyu da kara take cutarwa: wurin kuɗin da ba ka da shi, da wurin ran yaro. Tafiyar nan ta haɗa miki su duka biyun.

Zan fara da ruwan, don shi ne kuskurensa ba ya gyaruwa.

Mu mutanen nan ruwan da muka sani kwantacce ne. Kududdufin bayan gari da damina, dam irin na Sabke ko Daberam ko Ajiwa, sai gulbi in ya kawo. In ba ka shiga ba, babu abin da ya haɗa ku. Tekun Atlantika shi ke zuwa inda kake. Za ki tsaya a kan yashi kina ganin igiyoyi uku, huɗu, biyar suna zuwa su tsaya nesa da ƙafarki, sai ki saki jiki, sai wata babba ta taso ta wuce inda sauran suka tsaya da taku goma. Zuwanta ma da sauƙi. Komawarta ce abin tsoro, don tana zare yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa, babba ma sai ya yi tangaɗi, balle yarinya 'yar shekara huɗu. Gaɓar tekun Legas a wurare da yawa gangare ce, taku kaɗan ne tsakanin ruwan idon sawu da ruwan da ya kai ƙirji.

Akwai kuma abin da ke cin waɗanda suka iya ruwa. Ruwan da igiyoyi suka yi ta tarawa a gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata siririyar hanya ya bi ta da gudu zuwa ciki, kamar yadda ruwan sama ke taruwa ya bi lambatu ɗaya. Abin takaicin, wurin nan shi ya fi kama da wuri mai lafiya: babu kumfa, igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya ɗan fi duhu, yana kwance. Baƙo yana gani sai ya ce ga inda yara za su yi wasa. Wanda ruwan nan ya ja, in ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai tsaye, gajiya ce ke kashe shi. Abin da masana ke koyarwa shi ne ya bar jikinsa ya yi sama-sama, ya ɗaga hannu a gan shi, ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, sannan ya nufo tudu. Ki sa maigida ya karanta wa amininsa wannan. Iya ruwa fidda kai, kuma wanda ya koya a dam bai san wannan ruwan ba. Kada kowa ya ɗora rayukan yara biyar a kan iyawarsa.

Don haka dokarku mai sauƙi ce, a faɗe ta tun a gida, a gaban yara: yaro ba ya wuce idon sawu, kuma hannunsa na cikin hannun babba. Babba ba ya wuce gwiwa. Ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Balan-balan ɗin nan da ake hurawa a zura wa yaro a kugu ko a damtse abin wasa ne, ba ya ceto, har ma yana sa igiya ta fi saurin tafiya da shi.

Ke kuma ga naki na musamman, don ban cika ganin ana faɗa wa matanmu ba. Kada ki taka bakin ruwa da goyo a bayanki. In igiya ta kayar da ke, shi ne a ƙasa, kuma kwance zani a cikin ruwa ba abu ne na daƙiƙa ɗaya ba. Ki sauke shi, ki miƙa wa ubansa, sannan ki je ki taɓa ruwa. Hijabi har ƙasa da doguwar abaya in sun jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafafu. Ki sa dogon wando mai kauri da riga mai sauka gwiwa, da hijabin da ya tsaya a kugu ko ƙasa kaɗan, mai duhun launi wanda ba ya bayyana jiki in ya jiƙe. Suturarki ta cika, ƙafarki kuma a sake. Ki riƙe wani busasshe a jaka.

Yanzu batun da kika yi ƙorafi a kai, na barin ki da yara biyar. Kina kallonsa a matsayin rashin adalci, haka ne kuwa. Amma a bakin teku ya wuce nan. Yaro ya fi shiga hatsari a tsakiyar manya da yawa fiye da a hannun mutum ɗaya, don kowa na ɗauka wani na kallo. Na gani da idona. Mu shida ne manya, yara huɗu, a wani bakin ruwa. La'asar ta yi, maza suka ja gefe suka tada salla, mu mata muna buɗe kuloli muna zuba abinci. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga wani mai sayar da kwakwa riƙe da ɗan ƙanwata mai shekara uku, ya jiƙe sharkaf, bakinsa cike da yashi. Igiya ta riga ta kayar da shi, mutumin ya fizgo shi kafin ta biyu ta iso. Babu wanda ya ji ko tari. Sai da aka ɗaga shi sama sannan ya fashe da kuka. Mu shidan nan kowa ya rantse ya ɗauka yaron na wurin wani. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Abin da mutane ba su sani ba ke nan: yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa kamar a fim. Numfashin da zai yi kira da shi ma ba shi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa, kuma ƙaramin yaro ruwan bokiti ma ya ishe shi. Ke kina da biyu a wannan shekarun.

Maganin shi ne gadi na karɓa-karɓa, kuma a sa masa alama da ido ke gani. Ku nemi jar hula ko usur mai igiya. Wanda hular ke kansa shi ne mai gadi: yana tsaye tsakanin yara da ruwa, babu waya a hannunsa, ba ya cikin hira, ba ya cin abinci. Bayan minti ashirin ya cire ya sa wa na gaba, ya ce masa da baki, "Yara biyar, ga su nan, na ba ka." Ku huɗu ne manya, maza biyu na ciki. In yara za su taɓa ruwa, biyu-biyu, kowanne da hannun babba, sauran suna kan tabarma. Lokacin salla da lokacin cin abinci da lokacin tattara kaya za a tafi, nan ne ido ke ɗaukewa. A fara fito da yara duka a zaunar da su nesa da ruwa, a ƙirga, sannan a kabbara. In ta kama a yi sallar kashi biyu, a yi.

Ga yadda za ki shigar da maganar ba tare da ta zama ƙorafi ba. Kada ki tono fitar baya, kada ki ce "kullum ni kuke bar wa". Ki sami maigida shi kaɗai, bayan ya ci abinci ya huta, ki ce: "Abban yara, ina son tafiyar nan ƙwarai, ina kuma son mu dawo da su yadda muka tafi da su. Idona biyu ne, ga goyo. Ka yi wa Alhaji magana mu tsara gadi mu huɗu, kai za ka fi iya faɗa masa." Kin ba shi aikin a hannunsa, kin kuma bar magana tsakanin maza ta bi ta bakin namiji. Ƙawarki kuwa ke za ki same ta. Ki tura mata labarin ɗan ƙanwata in kina so. Uwa ce, 'ya'yanta biyu na cikin biyar ɗin. Sau da yawa wadda ake gani ta saki yara ta kama waya, ta ga akwai mai yi ne ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Sai kuɗi. "Allah zai rufa asiri" addu'a ce mai kyau, amma ba a biyan otal da ita, kuma Janairu na nan tafe da kuɗin makaranta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku zauna ke da maigida ku fitar da adadin da za ku iya kashewa ba tare da rance ba, ba tare da an taɓa kuɗin makaranta ko na abincin wata ba. Wannan adadin shi zai kai wa amininsa, a fili: "Ga abin da na ware wa tafiyar nan, mu tsara ta a kansa." Aminin tun na makaranta ya san albashin abokinsa, ba wani sirri za a tona ba. Ni a ganina ma ya fi jin daɗin a faɗa masa, da a je can ya ga fuskar abokinsa tana canjawa duk lokacin da aka kawo takardar kuɗin abinci.

Tikiti kowa ya sayi na iyalinsa. Abin da ake tarayya a kai, wato mota, kuɗin shiga bakin teku, hayar rumfa, cefane, a yi karo-karo tun daga gida a damƙa wa mutum ɗaya ya riƙe yana rubutawa. In Alhajin ya ce shi masaukin nan mai tsada yake so kuma zai ɗauki nauyinsa, ku karɓa da godiya, ba abin kunya ba ne tsakanin aminai, amma a faɗe shi da baki kafin a tashi: shi masauki, ku mota da cefane. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a tafi a dunƙule, kowa da lissafinsa a zuci, a dawo wani yana jin an ci da guminsa, wani yana jin an kai shi inda ya fi ƙarfinsa. Ki kuma shirya wa ƙananan abubuwa, don su ke huda aljihu: hawan doki a bakin ruwa, askirim, kayan wasan da masu talla ke kaɗa wa yara a fuska. In 'ya'yansu sun samu naki za su miƙa hannu. Ku yi shawara da ƙawarki a kan abu ɗaya ga kowane yaro a rana. Dokin kuwa, yaron Daura da ya ga hawan Salla da na Gani ba zai yi asarar komai ba in bai hau na haya ba, in kuma zai hau, a yi ciniki kafin ya taka likkafa, babba na riƙe da shi.

Masauki akwai abin da hoto ba zai nuna miki ba. In gida ɗaya kuka kama mai falo ɗaya, ke da hijabi ke nan dare da rana, kina shayarwa, ga zafin Legas mai gumi, don aminin miji ba muharrami ba ne komai kusanci. Ita ma ƙawarki haka. Ku nemi sassa biyu a gini ɗaya, ko aƙalla kowane iyali da ɗakinsa da banɗakinsa a ciki. A samu kicin, don kunun yaro da shayin safe da ɗumame kaɗai za su rage muku kuɗi mai yawa. In akwai wurin wanka na iyo a gidan, ki ɗauke shi kamar tekun, har ma ya fi, don a masauki ne kowa ke sakin jiki. A kulle ƙofar da ke fita wurinsa, a sa makulli inda hannun yaro ba ya kai. Haka barandar bene. Kada a tura kuɗin masauki ga wanda aka gani a intanet kawai, sai wani da kuka sani a Legas ya je ya gani da ido. 'Yan'uwanmu sun cika Agege da Idi-Araba da Obalende, ba za a rasa wanda zai taka ba.

Ku kama masaukin a ɓangaren da tekun yake, wato wajen Lekki ko Victoria Island. Filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana Ikeja ne, tsakaninsa da can akwai gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ga gosulon Legas da ke iya cinye rabin yini. In kuka sauka nesa, a mota yara za su yi hutun.

Ban ga kin faɗi yadda za ku je ba. Daga Daura zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Tafiyar kwana uku da ɗan wata 15 ba ta mota ba ce, kuma tafiyar dare ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ku bi ta Kazaure ku shiga Kano da rana, jirgi daga can kamar awa ɗaya da rabi ne. A duba na Katsina ma in ranar ta dace. Na goye a cinya zai zauna, manyan biyun kowa da kujerarsa, ki riƙe takardun haihuwarsu. Ki ba shi nono lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiya na hana kunne toshewa. In lissafi ya nuna kuɗin jirgi ya fi ƙarfinku bana, a ɗaga tafiyar, a shiga adashi, teku ba ya ƙafewa. Ki sani kuma kwanakin Kirsimeti zuwa sabuwar shekara su ne Legas ta fi cika, tikiti da masauki suna tashi, bakin teku ba masaka tsinke. In za ku iya tafiya da zarar an ba da hutu, a tsakiyar mako, ya fi muku ta kowace fuska. Disamba dai rani ne a can, kun tsira daga ruwan sama. Za ku bar gida cikin hunturu da rigunan sanyi, ku sauka cikin zufa, don haka kayan auduga marasa nauyi za ki fi zuba musu.

Wane bakin tekun? Dattawan da suka yi zaman Legas a da za su ce muku Bar Beach. Babu shi yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Landmark ma da ake yawan gani a hotuna, aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya ci bakin ruwansa a 2024. Don haka kada ku dogara da tsohon hoto, ku tambayi na can halin da ake ciki a makon da za ku je. Ana yabon Tarkwa Bay da sauƙin igiya saboda katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa da ta kare shi, sai dai ba a zuwa sai ta jirgin ruwa. In za ku je can, kowa da rigar ceto, ta yara kuma daidai jikinsu. In babu mai girman na goye, kada ku hau, kuma ku dawo da sauran rana. Duk inda kuka zaɓa, tambaya ta farko a ƙofa ita ce ko akwai masu ceto a bakin aiki, ku shimfiɗa tabarma kusa da su, in sun ce yau ba a shiga, ba a shiga. Ku je da safe, da an buɗe, ku tashi kafin rana ta take. Da yamma da ƙarshen mako wuraren nan na kiɗa ne da shaye-shaye, ba za ki so yaranki a ciki ba, ke ma ba za ki sake ba.

Kwana uku yini biyu ne cikakku, kada ku cusa musu abin da ya fi haka. Safiya ɗaya ta teku, a dawo a yi wanka a yi barci. Washegari in da ƙarfi, ku kai babban ɗanku gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan ya ga motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, ya san mai sunan filin jirgin da ya sauka. In kuma yara sun ce teku suke so a koma, a koma. Bokiti da ludayi da yashi sun ishi 'yar shekara huɗu yini guda.

Ki yi guzuri irin namu: dambun nama, kilishi, cincin, dabino, garin kunu da fulas. Yaro in ya ga baƙon abinci mai yaji yakan rufe baki, gara a samu abin da ya sani. Ruwan sha na gora mai hatimi kawai, a yi ta ba su ko ba su tambaya ba, don iskar teku na ɓoye ƙishirwa. Hula ga kowa, inuwa ga na goye, da man kare zafin rana, baƙar fata ma tana ƙonewa. Ki shiga kemis ki sayi gishirin zawo na leda da maganin zazzaɓin yara da filasta. In gudawa ta kama yaro babu na leda, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gidan sauro ma ya shiga jaka. A sa musu takalmi a yashi saboda fasassun kwalabe. Kowace safiya ki sa musu riguna masu launi ɗaya mai haske, ki ɗauke su hoto, ki rubuta lambar wayar ubansu a takarda ki sa a aljihu, ta ƙaramar kuma a damtsenta da biro, don in ta ɓace a cikin masu Yarbanci da Turancin buroka ba za ta iya bayani ba. Lambobin gaggawa a Legas 112 ne da 767, ku sa su a wayoyinku ku huɗu.

Salla ba za ta ba ku wahala ba. Matafiya ne ku, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana ƙasaru. Ruwan teku kuma mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar ana alwala da shi. A ɗebo a buta dai, kada a tsuguna a bakin igiya.

Na bar Hajiya a ƙarshe don ita ce ta fi kowa gaskiya a gidan. Teku yana cin mutane. Kada wanda ya yi mata gardama ko ya ce tsoron mutanen da ne. Kuma ba ke za ki je ba, ɗanta ne zai je, ya zauna a ƙasa, ya ce: "Hajiya, maganarki muka ɗauka. Yara ba za su wuce idon sawu ba, kowanne da hannun babba, da safe za mu je mu dawo kafin Azahar. Ki sa mana albarka." Tsohuwa in ta ga tsoronta ya zama doka a tafiyar, yawanci takan sauko. In ta sauko, a kira ta ta bidiyo daga can, amma bayan an fito da yara an busar da su suna zaune a tabarma, kada ta ga igiya a bayan jikanta. In kuma ta kafe bayan duk wannan, shawara ta koma tsakaninta da ɗanta, ke kada ki shiga, kada kuma a fita a ɓoye mata.

Saura ke. Kin ce ba ki taɓa ganin teku ba sai a waya, kuma a duk wasiƙar nan wannan layin ne kaɗai kika yi maganar abin da ke kike so. Ki sa shi cikin tsarin tun daga gida, ki faɗa wa maigida: akwai minti ashirin da hula ba ta kanki, goyo na hannunsa, ba kya zuba wa kowa abinci. Ki cire takalmi ki taka jiƙaƙƙen yashin, ki tsaya inda ruwan zai shafi ƙafarki ya koma, ki kalli inda ya haɗe da sama babu tudu babu bishiya. Ki ɗanɗana ki ji gishirin. In kin tsinci 'yan bawon katantanwa masu kyau ki wanke ki ƙulle a gefen gyale, ki kawo wa Hajiya tsaraba tare da hoton jikokinta. In kun dawo ki rubuto min yadda aka yi da hular.